Everest ko Annapurna: ni da aminina mun kasa daidaitawa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano, shekarata 42, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Shekara uku ke nan ni da aminina, wanda muka taso tare tun muna firamare, muna tara kuɗi don mu je ƙasar Nepal mu yi doguwar tafiyar ƙafa a tsaunukan Himalaya. Yanzu kuɗi sun taru, kuma mun samu hutun sati uku a watan Nuwamba. Matsalar ita ce shi ya dage sai hanyar da ke kai mutum gindin Everest, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da zagayen Annapurna, saboda ina tsoron ƙaramin jirgin da ake shiga zuwa Lukla, garin da tafiyar Everest ke farawa. Har mun fara jin haushin juna, ya ce tsoro ne kawai ke damuna. Mu biyun muna motsa jiki, duk Asabar muna taka kilomita 15, amma ba mu taɓa zuwa wurin da ya fi Jos tudu ba. Maiɗakina ta yi shiru, Hajiyarmu kuwa ban ma faɗa mata ba tukuna. Wace hanya za mu bi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan ja maka rai ba: ku bi Annapurna. Sai dai dalilina daban yake da naka, kuma akwai abu ɗaya da ba ka ambata a wasiƙarka ba wanda zai iya rushe maganar gaba ɗaya. Da shi zan fara, domin tun da na karanta saƙonka shi ne ya tsaya min a rai.

Ka san jininka? Gwajin sikila nake nufi, wanda ake yi kafin aure: AA, AS ko SS. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma yawancinsu har su tsufa ba abin da ke taɓa su, shi ya sa da an ɗaura aure ake mantawa da takardar. A kan tsauni lissafin yana canzawa. Inda iska ta yi ƙaranci, ga sanyi, ga ƙishirwa, ga gajiya, ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin saifa, har wani sashenta ya mutu. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci ya harba zuwa kafaɗa, da amai da zazzaɓi. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, kuma an gan shi a wuraren da ba su kai rabin tudun da kuke shirin hawa ba. Ba kowane mai AS ne yake samun matsalar ba, amma babu mai iya gaya maka tun daga gida wa zai samu. Kamfanonin da ke shirya tafiyar ba kasafai suke tambaya ba, saboda yawancin baƙinsu daga ƙasashen da sikila ba ta da yawa suke zuwa. Mu ne ya kamata mu tambayi kanmu. Don haka kafin ku biya kuɗin tikiti, ku je asibiti ku biyun, a sake gwajin ko da kuna ganin kun san amsar, a duba hawan jini da sukari da zuciya a zama ɗaya. In aka samu ɗayanku AS ne, ya zauna da likitan jini ya faɗa masa tudun da lamba, mita dubu biyar da ɗari huɗu. Ni dai ba zan ba mai AS shawarar ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ba. Nepal tana da tafiye-tafiye masu kyau a ƙasa-ƙasa, kuma likitan ne zai faɗa muku iyakar da za ku tsaya.

To, mu ɗauka an gwada an ce ku duka AA ne.

Ku fara cire zancen wace ta fi tudu daga gardamarku, domin kunnen doki suka yi. Sansanin gindin Everest yana kan mita 5,364, kuma daga can ba a ganin ƙolin Everest ɗin da kyau, sai an hau wani tudu da ake kira Kala Patthar, wanda ya haura mita 5,500. A ɗaya ɓangaren, mashigin Thorong La, inda ya fi ko'ina tudu a zagayen Annapurna, mita 5,416 ne. Ka auna wannan da abin da jikinka ya sani. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos wajen 1,200 ce, Chappal Waddi da ke Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi a duk Najeriya, mita 2,419 ne. A mita 5,400, duk numfashin da ka ja kusan rabin oksijin ɗin da ake samu a bakin teku ne yake shiga. Jiki yana iya sabawa, ya ƙara yawan numfashi, a hankali ya ƙara jini, amma kwanaki yake buƙata, kuma tafiyarku ta Asabar ba za ta rage kwanakin nan ko da ɗaya ba. Tana ƙarfafa ƙafa da zuciya, ku riƙe ta. Ciwon tsauni dai bai san mai ƙarfi ba. Sau da yawa ma majiya ƙarfi ya fi kayarwa, don su ne ke da halin yin sauri.

Abin da ya raba hanyoyin biyu shi ne inda mutum ke kwana. Likitocin tsauni sun fi ƙirga wurin da ka shimfiɗa haƙarƙarinka da dare a kan wurin da ka taka da rana. Ƙa'idarsu ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada makwancin yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk kwana uku ko huɗu a yini a wuri ɗaya a sake kwana a nan.

Hanyar Everest da jirgi take farawa. Cikin kamar rabin awa za a ajiye ka a Lukla, mita 2,860, wato ka riga ka wuce ƙolin Chappal Waddi ba ka yi taku ɗaya ba. Washegari kana Namche, mita 3,440. Daga nan sai Tengboche, sai Dingboche a mita 4,410 inda ake kwana biyu, sai Lobuche a 4,940, sai Gorak Shep a 5,164. A dawowa akan kwana a Pheriche, ita ma sama da 4,000 take. Ka ƙirga, dare biyar ke nan sama da mita 4,000, ɗaya daga ciki sama da 5,000. Na kwana a Gorak Shep. Da barci ya fara ɗaukata sai in farka a firgice kamar an toshe min hanci, in zauna in ja numfashi, in sake kwanciya, haka har asuba. Ban yi rashin lafiya ba, haka daren wurin yake ga mutane da yawa.

Annapurna daga ƙasa take ɗauko ka. Besisahar, inda hanyar ta fara, wajen mita 800 take, ƙasar ayaba da gonakin shinkafa. Ana bin kwarin kogin Marsyangdi ana hawa sannu a hankali, a wuce Dharapani, a kwana Chame a mita 2,670, a kwana Pisang, har a isa Manang a wajen 3,500 inda ake hutawa. Bayan Manang dare biyu kacal ake yi sama da 4,000, ɗaya a Yak Kharka, ɗaya a Thorong Phedi wajen mita 4,500. Ranar ƙetare mashigin kuwa a taka 5,416, a gangara a kwana Muktinath a wajen 3,800. Ga mutum biyu haifaffun shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, waɗanda ba su san yadda jikinsu zai karɓi tudu ba, wannan bambanci babba ne, kuma a kansa na gina shawarata. Bugu da ƙari, yanzu hanyar mota ta kai har Manang, ta ɗaya gefen kuma ta kai Muktinath. Masu son tafiyar ƙafa zalla suna kuka da ita, kuma suna da gaskiya, don ƙurar jif ta ɓata wurare da dama. Amma ranar da ɗayanku ya kwanta, ko gwiwa ta ƙi, wannan hanyar ce za ta sauko da shi. A yankin Everest, daga Lukla zuwa sama babu mota, sai ƙafa ko doki ko helikwafta.

Game da tsoron jirgi, amininka bai kyauta ba da ya mai da shi abin gori. Titin saukar Lukla bai wuce mita 527 ba, a karkace yake, dutse a ƙarshensa, rami a farkonsa, kuma an yi haɗurra a wurin, ciki har da na 2008 da ya ci mutum 18. Mai iyali da ya tsaya ya yi tunani a kan wannan bai yi laifi ba. Amma zan faɗa maka gaskiyar da ba za ta yi maka daɗi ba: jif ɗin da za ta ɗauke ku daga Besisahar tana bin gefen dutse ne, kogi na can ƙasa, kuma a Nepal hanyar mota ta fi jirgi cin rayuka nesa ba kusa ba. In don tsoro ka zaɓi Annapurna, canjin tsoro kawai ka yi. Matsalar Lukla da ta fi shafar ku ita ce ta lokaci. Hazo kaɗan yana hana tashi, yini ɗaya ko biyu ko fiye. A lokacin cunkoso kuma sau da yawa daga wani wuri mai suna Ramechhap jiragen ke tashi, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu, babban birnin Nepal, a fita tsakar dare. Na taɓa zama kwana uku a Lukla ina kallon sama, tikitin komawata gida yana ƙaratowa. Ma'aikacin da aka ƙirga wa kwanakin hutu dole ya sa wannan a lissafi.

Kada kuma ka ɗauka hanya mai sauƙi na ba ka. Zagayen Annapurna yana da rana ɗaya da ta fi kowace rana a hanyar Everest wuya. Daga Thorong Phedi ana fita wajen ƙarfe huɗu na asuba da fitila a goshi, don a ƙetare kafin iskar hantsi ta taso. Hawan mita 900 ne, sannan gangarar mita 1,600 da ke cin gwiwa, awa takwas zuwa goma a kan ƙafa, tsakani kuma babu gari. Akwai wani haɗarin da ba na jiki ba. Hanyar Everest zuwa ce da dawowa, wanda ya gaji yana iya zama a Dingboche ya jira abokansa su dawo su same shi. Thorong La kuwa ƙofa ce, ko ka ƙetare ko ka koma inda ka fito. Mutumin da ya yi kwana tara yana tafiya, ga ƙofa a gabansa, ga ayari suna ɗaure takalma, da wuya ya ce shi ya fasa. A tsakiyar Oktoban 2014, a watan da ake ɗauka ya fi kowane aminci, ragowar guguwar Hudhud da ta afka wa gabar Indiya ta zubar da dusar ƙanƙara mai yawa a wannan yanki. Fiye da mutum 40 suka mutu, baƙi da 'yan ƙasa, 'yan jagora da 'yan dako, da dama daga cikinsu a kewayen mashigin nan. Saboda haka sharaɗina na biyu, bayan gwajin jini, shi ne ku bar kwana biyu a ajiye cikin jadawalinku waɗanda ba ku ba kowane wuri ba. In sama ta ɓaci ku zauna. In ta ci gaba da ɓaci ku juya Manang ku hau mota. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma isa Thorong Phedi bai wajabta muku ƙetarewa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da mu Hausawa a irin wannan wuri. An yi mana tarbiyya a kan dauriya. A tambayi mutum yaya jiki, yana kwance yana rawar ɗari, ya ce da sauƙi. A ce ina kwana, ya ce lafiya lau. A gida wannan ladabi ne, a kan tsauni kuwa yana iya kai mutum kabari. Ciwon tsauni da ciwon kai yake farawa, sai tashin zuciya, abinci ya fita daga rai, jiri, kasala. Mu kuma da mun ji haka sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu haɗiyi maganin ciwon kai mu ci gaba. Sama da mita 3,000, duk ciwon kai ku ɗauke shi na tsauni ne har sai mai ilimin abin ya ce ba shi ba ne. Mai wannan alama ba ya ƙara hawa. Ya kwana inda yake, in bai ji sauƙi ba ya sauka. Akwai alamu biyu kuma da ba a jiran safiya a kansu. Na farko, mutum ya fara tangaɗi, ya kasa tafiya a kan layi miƙaƙƙe, magana ta rikice, ko ya riƙa barcin da ba a iya tashinsa da sauƙi: ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Na biyu, yana haki alhali a zaune yake, ga tari, ƙirji na ƙara in ya ja numfashi, wani lokaci da majina mai kumfa: ruwa ne ke taruwa a huhu. Ko ƙarfe biyun dare ne a sauko da shi, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai. Saukar mita 500 zuwa 1,000 tana iya dawo da mutum hayyacinsa. In kuma zazzaɓi mai zafi ya zo, ku gaya wa likita daga Najeriya kuka fito, don cizon sauron da aka yi a Kano yana iya tashi a Manang, kuma likitan can ba lallai tunaninsa ya fara zuwa nan ba.

A Manang akwai ƙaramin asibitin ƙungiyar ceto ta Himalaya, irin wanda ke Pheriche a hanyar Everest. A lokacin baƙi likitocinsa suna yin bayani a kan ciwon tsauni da rana, ku je ku saurara ko da kuna jin garau. Akwai kuma maganin da ake kira Diamox, wanda ke taimaka wa jiki saurin sabawa. Ku tambayi likitanku a gida ko ya dace da ku, da yadda za ku sha. Yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu, kuma ba lasisin sauri ba ne.

Wannan ya kawo ni kan amininka, wanda a ganina shi ne ainihin abin da ya sa ka rubuto. Kada ka raina burinsa. Mutum ya yi shekara uku yana tara kuɗi da suna ɗaya a ransa, tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 8,848 da 'yan kai, wanda Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka fara hawa ranar 29 ga Mayun 1953. In ya dawo ya ce ya je gindin Everest, kowa a majalisa ya gane. In ya ce Annapurna sai ya yi bayani. Kuma hanyar tana da kyan da ba zan ɓoye maka ba. Babu ƙarar mota ko ɗaya, sai ƙararrawar dabbobin dako. Ga gadojin waya masu lilo a kan kogin Dudh Koshi, ga Namche da ke zaune cikin dutse kamar an kifa ƙwarya an buɗe, ga Ama Dablam, tsaunin da ban taɓa ganin mai kyan siffarsa ba. Duk wannan za ku rasa a bana, ka amsa masa haka ba tare da musu ba.

Sannan ka faɗa masa abin da zai samu. Annapurna ma tana da tarihinta: ita ce ta farko da ɗan Adam ya hau cikin tsaunukan da suka haura mita 8,000, a 1950, shekara uku kafin Everest, Faransawa biyu, Maurice Herzog da Louis Lachenal. A zagayenta kusan kullum ƙasa sabuwa kake shiga. Ka bar shinkafa ka shiga daji mai dogayen itatuwa, ka fito ka tarar da Manang busasshiya, gidajen dutse masu shimfiɗaɗɗen rufi an jibge itacen girki a kai. Daga Pisang ku bi ta sama, ta Ghyaru da Ngawal. Ta fi wahala, amma tsaunukan suna tsaye a gabanka yini guda, kuma hawan yana taimakon jiki sabawa. Bayan mashigi sai ƙasar Mustang, ja da toka kamar hamada, da kwarin Kali Gandaki inda iska ke tasowa kullum kafin azahar, da gonakin tuffa (apul) na garin Marpha. Ka gaya masa wannan ce makarantar, in jikinku ya karɓi mita 5,416 lafiya, Everest tana nan ba inda za ta, kuma za ku je mata kun san kanku.

In duk da haka ya ce shi sai Everest, ba haramun ba ce, kuma sati uku sun isa. Dubban mutanen da ba su fi ku ƙarfi ba suna yin ta duk shekara. Sharaɗin shi ne kwana 12 cur a kan hanya, da hutun Namche da na Dingboche ba a taɓa su ba, da kwana biyu ko uku a ajiye saboda jirgi. Duk kamfanin da ya ce zai kai ku ya dawo da ku cikin kwana tara ko goma, ku bar shi. Amma kowace kuka zaɓa, akwai alkawarin da nake so ku yi wa juna tun a Kano, a gaban shaida in da hali: duk wanda ya ji ciwo zai faɗa a take, in ɗaya ya sauka ɗayan zai bi shi, kuma ba za a taɓa yin gorin wannan ba har abada. Mutumin da ya ce maka matsoraci a kan tabarma, zai yi maka wuya ka ce masa kanka na ciwo a mita 4,500. Ka faɗa masa haka ƙarara. In ya ƙi wannan alkawari, to matsalarku ta wuce zaɓin hanya, kuma ban ga dalilin hawa tsauni da shi ba.

Sauran abubuwa a taƙaice, amma na farkon yana da gaggawa. Masu fasfo ɗin Najeriya suna cikin waɗanda Nepal ba ta ba biza a filin jirgi, haka 'yan Gana da Kamaru. Dole ku same ta daga ofishin jakadancinsu kafin ku tashi, don haka ku fara nema yanzu, kuma ku riƙe katin rigakafin shawara. Ku yi inshorar da ta rubuta a fili cewa ta ɗauki tafiyar ƙafa har mita 6,000 da ɗauko mutum da helikwafta, don kuɗin ɗaukowar dubban daloli ne. Ku ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Tun Afrilun 2023 hukumomin Nepal suka sanar da wajabcin haka ga baƙi a irin waɗannan yankuna, kuma ko ba doka, baƙo na farko yana buƙatar wanda ya san sama da hanya. Shi zai taimaka muku da takardar izinin shiga yankin Annapurna. In kun ɗauki ɗan dako kada ku jibga masa kaya, ku duba yana da takalmi da rigar sanyi, don shi ma tsaunin yana kama shi kamar kowa. Za ku riƙa jin suna cewa bistari, bistari. Sannu-sannu ke nan da harshensu, ku bi.

Sanyin Nuwamba a Thorong Phedi ba a auna shi da hunturun Kano ko na Jos. Ruwa yana daskarewa a gora cikin ɗaki. Ɗakunan masauki ba a ɗumama su, murhu ɗaya ne a ɗakin cin abinci, sau da yawa da busasshen kashin dabbobi ake hura shi. Babbar rigar sanyi da bargon da ake shiga ciki ana hayarsu a unguwar Thamel a Katmandu, amma takalmi ku saya yanzu ku tattaka shi ya saba da ƙafa. Ku sa tabarau mai duhu, hasken ƙanƙara yana ƙona ido, kuma baƙar fata ma rana tana ƙona ta a can. Daga wannan satin ku mai da tafiyar Asabar hawa da sauka, Dala ko Goron Dutse ko matakalar bene, da jaka mai nauyin kilo shida ko bakwai a baya, sau da yawa a jere. Saukar ku fi ba muhimmanci.

Nama ku haƙura da shi har ku dawo Katmandu, inda akwai masallatan Juma'a kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar da gidajen abincin halal a kewayensu. A kan hanya ku riƙe dal bhat, shinkafa da romon wani ƙaramin wake da ganye, ana ƙara wa mutum har ya ƙoshi. Ku tafi da dabino da gyaɗa da yajinku, don a sama abinci yana fita daga rai, abin da baki ya saba da shi ne ke shiga. Ruwa lita uku zuwa huɗu a yini, dafaffe ko wanda aka sa wa ƙwayar tacewa. Azumin nafila ku ajiye shi sai kun dawo. Alƙibla a Nepal tana yamma, kada sabo ya juya ku gabas. Ku zauna da malaminku kafin tafiya ya warware muku hukuncin ƙasaru da haɗa salla da taimama da shafa a kan huffi, domin ranar mashigi za ku buƙace su, kuma ku sa ƙaramar buta a jaka. Za ku ratsa wuraren ibadar mabiya Buddha da Hindu, musamman Muktinath. Ku wuce da mutunci, ku nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa.

Shirun maiɗakinka magana ce. Ka zaunar da ita ka nuna mata jadawalin kwana-kwana, sunan kowane gari, lambar ɗan jagora da takardar inshora, ka gaya mata akwai ranakun da waya ba za ta shiga ba don kada hankalinta ya tashi. Ka bar mata abin da zai ishe su, ka rubuta bashin da ke kanka da wanda kake bi, kamar yadda duk mai doguwar tafiya ya kamata ya yi. Hajiya kuwa, kada ta ji a bakin wani, kuma kada ka ce mata Dubai za ka. Ka je da kanka bayan sakamakon asibiti ya fito, ka faɗa mata ba hawan ƙolin tsauni za ku yi da igiya ba, tafiyar ƙafa ce daga ƙauye zuwa ƙauye, kuna kwana a ɗaki, da ɗan jagora, kuma kun yi alkawarin juyowa in jiki ya ƙi. Yawancin iyaye abin da suke gani a talabijin ne ke ba su tsoro, in aka yi musu bayani sukan sa albarka. In ta ji duka ta ce a'a, ka ba ta lokaci ka sake komawa. In ta tsaya a kan a'a ɗinta, ka ɗaga tafiyar, akwai wani lokacin mai kyau daga Maris zuwa Mayu, kuɗin kuma ba za su ruɓe ba.

Ku je gwajin a wannan satin, ku biyun tare, sannan ka nuna wa amininka wannan amsar ya karanta da kansa. In sakamako ya fito ka sake rubuto min, mu tsara kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.